Bashi hanji ne: abin da doka ta tanadar wa mai bi da wanda ake bi

Jawabin da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa a Maraɗi



Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Babu ɗan kasuwa a wannan zaure da bai taɓa ɗaukar kaya a kan amana ba, ko bai taɓa bayarwa ba. Abin da ke karya mu shi ne bashin da ba a rubuta ba, da bashin da ake ɓoyewa don kunya har sai gida ya rushe.

Manyanmu na tune da bankin BDRN, wanda ya durƙushe a 1990 saboda basussukan da aka ci ba a biya ba. Suna tune da watan Janairu na 1994, sa'ad da aka rage darajar sefa da rabi, mai bashin kayan waje ya wayi gari nauyinsa ya ninka. Cikin wannan yanayi ne Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar OHADA, ran 17 ga Oktoba 1993, wadda ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka da dama. A 1998 aka fitar da dokoki biyu da suka shafe mu: ɗaya kan karɓo bashi, wadda aka sabunta a 2023, ɗaya kan karyewar ɗan kasuwa, wadda aka sabunta a 2015.

Bari in fara da mai bin bashi. Doka ta ba shi gajeriyar hanya: ya shigar da buƙata gaban shugaban kotu, a ba shi takardar umarnin biya ba tare da doguwar shari'a ba. Amma da sharaɗi. Bashin ya zama tabbatacce, an san adadinsa, lokacin biyansa ya yi, kuma ya samo asali daga yarjejeniya ko daga cak ɗin da ya dawo babu kuɗi. Idan an isar da takardar ga wanda ake bi, yana da kwana 10 ya yi jayayya. In ya yi shiru, umarnin ya zama hukunci, ana iya kama dukiyarsa. To, ina wanda ya ba da buhu ɗari na masara da baki kawai zai samo hujja? Addininmu ma ya riga doka: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take magana.

Sai wanda ake bi. Da yawa sun ɗauka kotu gidan wulaƙanci ce. Alhali doka ta buɗe masa ƙofofi huɗu. Ta farko sulhu ne a asirce, inda kotu ke naɗa mai shiga tsakani na tsawon wata uku, ana iya ƙara wata ɗaya. Ta biyu, tun bai kai ga kasa biya ba, yana iya roƙon a dakatar da ƙararrakin masu binsa, ya kawo tsarin biya. Ta uku, idan abin da ke hannunsa ya kasa ɗaukar bashin da lokacinsa ya yi, wajibi ne ya sanar da kotu cikin kwana 30. In harkar na da sauran numfashi, sai a farfaɗo da ita ƙarƙashin kulawar kotu. Ta huɗu ita ce sayar da dukiya a raba bisa tsari, haƙƙin ma'aikata na da fifiko. Alƙali kuma na da ikon ɗaga wa mai ƙaramin ƙarfi lokacin biya har zuwa shekara guda. Amma wanda ya ɓoye kaya, ko ya mai da gidansa da sunan ƙanensa don ya tsere wa masu binsa, ya fita daga inuwar doka, ana iya hana shi kasuwanci, ana iya hukunta shi.

Kalma ta ƙarshe ta hukuma ce. Waɗannan dokoki da Faransanci muke samunsu, alhali masu juya kasuwar Maraɗi, Damagaram da Tawa da Hausa suke ciniki. Dokar da talaka bai san da ita ba, mai ƙarfi kaɗai take yi wa aiki. Muna kira a bayyana su da harsunan ƙasa a gidajen rediyo. Muna kuma tunatar da gwamnati darasin shekarun 1990, lokacin da ma'aikata suka yi watanni babu albashi, masu kantuna suka karye a bayansu. Hukumar da ke son a biya bashi, ta fara biyan wanda ake bin ta.

Ku kuwa ƴan uwa, ku rubuta, ku sa shaidu, ku ajiye takardu. Wanda ya ga harkarsa ta fara tangal-tangal, ya nemi sulhu tun ƙofa na buɗe.

 Allah ya rufa mana asiri.