Ɗan Ci-rani Ya San Ranar Komawa: Jawabi Ga Dattawa Da Iyaye A Kanya Babba

 

An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan takardar izinin zama na dindindin da wasu 'ya'yanmu suke riƙe da ita a ƙasashen waje, da yadda take iya kuɓuce musu a nan gida, a hannunmu mu iyayensu.

Kowa a nan ya san ci-rani. Yaro ya tafi Kano ko Legas bayan girbi, amma da ya ga hadari ya fara haɗuwa sai ya ɗaure kayansa. In ya wuce shuka ya rasa shekara. In kuwa ya yi shekaru bai leƙo ba, gonar da ya ba da aro sai an kai gaban mai gari kafin ta dawo. To, ga ɗanmu da ke zaune a Ingila ko Amurka, gonar tana can ne. Zuwansa gida shi ne ci-raninsa, kuma hukumar can tana ƙirga masa kwanaki.

Ni abin a gidanmu ya faru. Ɗan yayata ma'aikacin jinya ne, ya yi shekaru a Ingila har ya sami izinin zama na dindindin. Da mahaifiyarsa ta sami shanyewar ɓarin jiki, ya ajiye aiki ya dawo jinya. Bayan wata ashirin Ubangiji ya kira ta gida. Ya ce zai koma, muka ce ya tsaya a raba gado. Aka raba, muka ce ya bari a kai gero rumbu. Ina cikin waɗanda suka ce ya tsaya, ba zan ɓoye muku ba. Da ya tashi tafiya, ya zarce shekara 2 da wata 2. Izinin ya mutu. Ya nemi a mayar masa, bai samu ba, gama ya riga ya saki ɗakinsa da aikinsa, ba shi kuma da mata ko ɗa a can. Ƙannensa uku da yake biya wa kuɗin makaranta, yanzu dangi ne ke fama da su. Babu wanda ya zalunce shi. Rashin sani ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka ku saurari ƙa'idodin, ku riƙe su.

A Ingila, mai izinin dindindin in ya yi fiye da shekara 2 a jere a waje, izinin ya faɗi da kansa. Sai dai ya nemi bizar mazaunin da ke son komawa, ya kuma nuna cewa yana da ƙaƙƙarfar alaƙa da ƙasar.

A Amurka abin ya fi tsanani. Koren katin nan da yara ke kira girin kad, shekara 10 ake rubuta masa, sai mutum ya ɗauka yana da shekara 10 na yawo. Ba haka ba ne. In ya wuce wata 6 a waje, zai sha tambayoyi a filin jirgi. In ya wuce shekara 1, katin kaɗai ba zai shigar da shi ba. Wanda ya san zai daɗe, sai ya cika takardar I-131 tun yana cikin Amurka, a ba shi izinin sake shiga, wanda ke kaiwa shekara 2. Ba a neman wannan daga Kano ko Dutse. Wanda ya makara, abin da ya rage masa shi ne bizar SB-1 ta ofishin jakadancinsu na Legas, sai kuwa ya tabbatar da cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya tsare shi. Leƙawa ta mako biyu kowace shekara ma ba ta isa ba, domin suna duba inda mutum yake aiki, inda gidansa yake, da ko yana cika takardun haraji.

A Kanada kuwa, dole mutum ya yi kwana 730 a cikin ƙasar a kowace shekara 5, ko da ba a jere ba.

Wani zai ce in ta mutu a sake nema. 'Yan'uwa, ƙofar ba kullum take a buɗe ba. Tun zagayen 2015 aka cire Nijeriya daga ƙuri'ar bizar Amurka. A 2020 aka dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar ƙaura zuwa can, sai a Janairu 2021 aka janye. A Disamba 2025 aka sake sa takunkumi, amma aka keɓe masu koren kati. Kun ga wanda ya riƙe nasa ya tsira, wanda ya sake ya koma bayan layi.

Me za mu yi ke nan?

Na ɗaya, ranar da yaro ya sauka gida, a tambaye shi ranar da dole ya koma, a rubuta ta. Biki, rabon gado da girbi su bi wannan rana, kada ranar ta bi su.

Na biyu, a duba fasfo tun da wuri. Sabunta shi yana bukatar lambar NIN, kuma in suna ko ranar haihuwa sun saɓa tsakanin takardu, gyaran yana cin lokaci. A ajiye takardun asibiti da shaidar mutuwa, gama su ne hujja in an makara.

Na uku, ku matasa, in jami'i a filin jirgin Amurka ya miƙo takardar I-407, ku sani ta sallama kati ce. Ba dole ba ne ku sa hannu, kuna da 'yancin a kai maganar gaban alƙalin shige da fice. Manzo Bulus ma ya san 'yancinsa na ɗan Roma, ya kuma faɗe shi a gaban hukuma cikin ladabi.

Na huɗu, wanda ya cika sharuɗɗan zama ɗan ƙasa a can, ya nema. Sashe na 28 na Tsarin Mulkin 1999 bai hana wanda aka haifa ɗan Nijeriya riƙe ƙasa biyu ba. Mai wannan zai iya yin shekaru a gida ba tare da fargaba ba.

Na ƙarshe namu ne, dattawa. Abin da ke tsare yaranmu yawanci jinyar iyaye ce, kuma ba za mu ce su ƙi iyayensu ba. Amma in ikilisiya ta tsara masu kwana da majinyaci, Zumuntar Mata ta ɗauki girki bi da bi, matasa suka yi gayya a gonar, ɗan zai iya komawa a kan lokaci, ya ci gaba da aiko kuɗin magani. Da mun yi wa ɗan yayata haka, da yau ƙannensa ba su zama abin tausayi ba. Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta rubuta sunayen iyalan da ke da ɗa a waje da tsoho a gida, a kawo a zamanmu na gaba mu raba aikin.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.