ABIN DA MAIGIDA KE DUBAWA KAFIN YA ƊAUKI YARO AIKI

Jawabin da akawun jam'iyyarmu ya yi wa 'yan kasuwa a taron reshe.

Dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwana talakawa, ku gafarce ni, yau ba maganar zaɓe na zo da ita ba. Maganar 'ya'yanmu ce da ke zaune a bakin titi ba aikin yi.

Kusan kullum sai wani saurayi ya zo ofishinmu ya ce, "Malam akawu, rubuta mini takardar neman aiki." Na kan rubuta, amma na kan tambaye shi, "In an kira ka, me za ka ce ka iya?" Sai ya miƙo mini satifiket. To, satifiket ba ya auna hatsi, ba ya kuwa ba da canji.

Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin wannan. In mutum zai ɗauki yaron shago a Kantin Kwari ko Dawanau, amana ya ke fara dubawa. Ya kan bar 'yan kuɗi a aljihun tebur kamar ya manta, ya ga ko za su kwana cif. Ya kan aike shi, ya ga ko zai ratse majalisa hira. Marigayi Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, makarantar allo ya yi, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja. Da Turawan kamfani suka nemi wanda za su danƙa wa kuɗi ya saya musu gyaɗa, amanarsa da sanin kasuwarsa suka duba.

Amma fa amana ba lissafi wahala ce. Yanzu ciniki ya koma waya da na'urar POS. Yaron da bai iya karanta saƙon banki ba, sai ɗan damfara ya nuna masa rasit na ƙarya, ya kwashi atamfa turmi goma ya yi gaba. Yaro bai saci ko anini ba, amma maigida ya yi hasara, shi kuwa ya rasa aiki, har a bi shi da sunan ɓarawo. Sifiri guda ke raba dubu biyar da dubu hamsin.

Sa'an nan sammako, da iya baki. A makarantar mishan da na yi, in ƙararrawa ta kaɗa ba ka cikin layi, sai noman gonar makaranta. Na ji haushi a lokacin, yau kuwa da shi na ke cin abinci. Mai saye ya taya kaya da wulakanci, yaro ya ce "albarka" fuska a sake, gobe ya dawo.

Duk wannan a kasuwa ne, inda mai ɗauka kuɗinsa ke ciki. Aikin hukuma kuwa kun san yadda ya ke. Sau da yawa ba a tambayar me ka sani, sai wa ka sani, takardar wani babba ta fi shekara goma ta gwaninta. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta ɗauki dubban 'ya'yan talakawa ta koya musu aiki, a 2002 ta rufe. Ina za su koya yanzu in ba a hannunku ba?

Saboda haka ku ma iyayen gida da magana a kanku. A 2024 doka ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Ba ta hau kan mai shago da yara biyu ba, na sani. Amma wanda ke neman amana wurin yaro yana barinsa da yunwa, shi ya buɗe masa ƙofar sata. Ku biya shi hakkinsa, in ya shekara biyar ko shida ku ba shi jari ku sallame shi, kamar yadda aka yi muku.

Daga Talata mai zuwa, bayan la'asar, zan riƙa koyar da lissafin shago da karanta rasit a ofishin reshe, kyauta, maza da mata. Kowa ya turo ɗansa da fensir da littafin rubutu.