Tari da zazzaɓi a hanyar Tamanrasset: a fara gano ƙwayar cutar

Yau maganarmu a kan ciwon huhu ne, wanda wasu ke kira sanyin haƙarƙari, likitoci kuma su ce nimoniya.

Duk wanda ya taɓa hawa Asekrem, cikin duwatsun Ahaggar, kimanin kilomita 80 daga Tamanrasset, ya san sanyin wurin. Tsayinsa ya haura mita 2,700, kuma da daren hunturu ruwa kan daskare. Ga ƙurar hanyar In Gezzam zuwa Asamaka da Arlit. Shi ya sa da mutum ya kwanta da tari sai a ce sanyi ne ya kama shi. To, sanyi da ƙura suna raunana ƙirji, amma ƙwayar cuta ce ke shiga huhu, kuma ƙwayoyin iri-iri ne.

Wadda aka fi samu a jikin manya ita ce bakteriyar numokokus, da aka gano tun 1881. Akwai bairos na mura mai tsanani da na korona, waɗanda maganin kashe bakteriya ba ya taɓa su. Akwai tarin fuka, mai maganin wata 6. Ku kuma makiyaya, akwai zazzaɓin Q, wanda ake shaƙa daga mabiyiya da ruwan haihuwar awaki da tumaki, musamman in dabba ta yi ɓari. Amoksisilin ba ya kashe wannan, maganinsa daban ne.

Yaya ake rarrabe su? A asibiti za a saurari ƙirjinka, a ɗauki hoton huhu, a karɓi kakin da ka tofar daga ƙirji, ba miyau ba. Ana duba shi da madubin likita, ana kuma shuka shi kwana 2 zuwa 3 a ga abin da zai tsiro. Na'urar GeneXpert tana nuna tarin fuka cikin awa 2 ko ƙasa da haka.

Ga inda muke cutar kanmu: mutum ya sayi kafso a tasha, ya sha kwana biyu, sannan ya je asibiti. Maganin ya ɓoye ƙwayar, gwaji bai nuna komai ba, ciwon kuma yana nan.

Don haka, in zazzaɓi ya haɗu da tari, numfashi sama-sama da sukar ƙirji, kada ka hau mota ka shiga sahara, nemi asibiti tukuna. In tsoho ne ya fara rikicewa, a kai shi a ranar. Tarin da ya wuce mako 2, a gwada tarin fuka. Ka faɗa wa likita dabbar da kake kiwo, garin da ka fito, da duk maganin da ka sha, ka tafi da kwalinsa ma.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya.