KAFIN A KAMA UBA, A NUNA MANA AJIN

Jawabin da tafintan jam'iyya ya yi wa iyayen yara a Waliya, gunduma ta 9, Injamena

Iyayena maza, iyayena mata, malamanmu, masu unguwanni, 'yan kasuwar Ngeli, 'yan kilando da duk wanda ya bar sana'arsa ya zo nan, sannunku da zuwa, Allah Ya saka da alheri.

Yawancinku kun san ni da tsayawa gefen ɗan takara, ya faɗa da Faransanci ko Larabci, ni in mayar muku da Hausa. Yau an ce in yi magana da bakina, saboda wata tambaya da ta yi ta dawowa a tarukanmu. Wani dattijo ya yi mana ita a makon jiya: "Uban da bai sa ɗansa makaranta ba, doka ta ɗauke shi mai laifi kamar wanda ya bar ɗansa da yunwa, ko a'a?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ba za mu kauce mata don neman ƙuri'a ba.

Mu fara da abin da ke rubuce. Tsarin mulkin Cadi ya ce ilimin farko wajibi ne, kuma makarantar gwamnati kyauta ce. Doka mai lamba 16 ta shekarar 2006 ta ƙara fayyacewa: yaro daga shekara 6 zuwa 16 yana da haƙƙin wannan ilimi. To wajibi ɗaya ne, amma mutum biyu ke ɗauke da shi. Uba ya kawo yaro, gwamnati ta kawo aji da malami da alli. In ɗaya ya saki gefensa, jinka ta faɗi.

Yanzu ku faɗa mini, wa ya fara saki? Wanda bai taɓa biyan kuɗin ƙungiyar iyayen yara ba a makarantar da aka ce kyauta ce, ya ɗaga hannu. Babu ko ɗaya. Fiye da rabin malaman firamare a ƙasar nan ba ma'aikatan gwamnati ba ne, malaman al'umma ne, kuma da dalar da iyaye ke tarawa ake biyan da yawansu. Kuɗin rajista, kayan sawa, littafin rubutu, duk daga aljihunku. Mai 'ya'ya shida da ke tura baro a bakin gada, ta ina zai fara?

Malaman gwamnatin ma ba su tsira ba. Kun tuna matakan tsuke baki guda 16 na shekarar 2016, da aka zaftare alawus ɗin ma'aikata, makarantu suka yi watanni a rufe. A ƙarshen 2023 aka sake shiga yajin aiki. Mu nan Waliya muna da namu ƙarin. A watan Oktoba na 2022, daidai lokacin komawa makaranta, Shari da Logon suka cika suka shigo mana gida, muka kwashe yara da tabarmi a cikin kwalekwale. A 2024 ma ruwa bai ƙyale ƙasar nan ba. Yaron da ajinsa ke cikin ruwa, ubansa za a kai wa sammaci?

Kada a ce babu kuɗi. Tun 2003 man Doba ke bin bututu zuwa Kiribi. Dokar da aka yi a 1999 ta ce mafi yawan kuɗin man nan a zuba shi a ilimi, lafiya da ayyukan raya ƙasa, a kuma ajiye wa 'yan baya nasu kaso. A ƙarshen 2005 aka sauya dokar, aka soke asusun 'yan baya. 'Yan bayan nan su ne ku samarin da ke tsaye can a bayan rumfa. Jam'iyyar MPS tana kan mulki tun Disamban 1990. Duk da haka Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa fiye da yara tara cikin goma a Cadi suna kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi ba. A cikinsu har da waɗanda iyayensu suka kai su makaranta kullum. Laifi tudu ne, gwamnati ta taka nata tana hango na talaka.

Maƙwabtanmu sun riga mu gwada sanda. A Najeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta a ja masa kunne karo na farko, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, karo na uku naira 5,000 ko wata biyu. A 2024 dokar ta cika shekara 20, kuma yaran Najeriya da ba sa zuwa makaranta sun haura miliyan 10. Masu zuwa Maiduguri da Kano cikinku sun gan su da idonsu a tasha. Hukunci yana nan a takarda, amma takarda ba ta gina aji.

To kada wani ya koma gida ya ce tafinta ya wanke iyaye tas. Ban wanke ba. Akwai talauci, akwai sakaci, kuma kowa a nan ya san bambancinsu. Uban da ke da kuɗin shayi da sabuwar waya, makaranta na bayan gidansa, amma ya ɗora wa 'yarsa farantin talla ta tsallaka Kusuri tun safe, wannan ba talauci ba ne. Wanda ya cire yarinya daga aji ya aurar da ita tana shekara 13, doka ma ta riga ta hana shi, domin tun 2015 Cadi ta haramta aure ƙasa da shekara 18. Makarantar allo ilimi ce, kuma ba mu yarda a kira ɗalibinta jahili ba. Ni ma a kan buzu na fara. Amma a miƙa wa malam yaro ɗan shekara shida, ba hatsi, ba sabulu, ba ziyara har shekara ta zagayo, sai ƙoƙon bara, wannan malaman kansu suna kuka da shi. Amana ce Allah Ya ba ka, kuma zai tambaye ka.

Ni da kuke gani, sau biyu aka koro ni daga aji saboda kuɗin iyaye. Mahaifiyata ta sayar da akuyarta ta mayar da ni. Da a ranar jandarma ya zo da takardar tara, akuyar can za ta tafi, ni kuma in zauna gida. Abokina da muke zama benci ɗaya, wanda ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, gidansu babu akuya. Yau ɗan dako ne.

Saboda haka ga abin da 'yan takararmu za su tsaya a kai in kun tura su majalisa:

Na ɗaya, gwamnati ta ɗauki albashin malaman al'umma, a daina korar yaro daga makarantar gwamnati saboda kuɗi.

Na biyu, azuzuwan gunduma ta 9 a gina su da tubali a kan tudu, ruwa ya zo ya wuce karatu na tafiya.

Na uku, kada a hana yaro zama jarrabawa don ba shi da takardar haihuwa. A zo makaranta a yi masa ita.

Na huɗu, makarantun allo da suka yarda a taimaka musu da abinci da malamin karatu da lissafi, ba tare da an taɓa karatun Alƙur'ani ba.

Na biyar, inda duk wannan ya samu, uba ya ƙi, to lallai doka ta kira shi sakaci. Mai unguwa da liman su fara zama da shi. In ya ƙi ji, a kai shi gaban alƙalin yara. Ɗauri ba shi ne farko ba, domin in ka kulle mai cefane ka hukunta yaron sau biyu.

Iyayena, kafin zaɓen 2024, rabon ƙasar nan da zaɓen 'yan majalisa tun 2011. Yaron da aka haifa a 2011, a 2024 ya kai 13, ya kusa fita daga shekarun da doka ta ce a karantar da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma namu yana bushewa muna kallo. Ranar Lahadi 29 ga Disamba 2024, waɗanda ke kwana Kusuri don kasuwa ku tsallako da wuri, katinku a aljihu. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, namu ko nasu, ku tambaye shi aji nawa zai gina a Waliya, kuma wa zai biya malamin.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba Cadi zaman lafiya. Wassalamu alaikum.