Jawabi A Kan Hawan Keke A Hanyoyin Duwatsu



An umurce ni in yi muku bayanin wani wasa da a ke yi da keke, watau hawansa a kan turbobin kurmi cikin duwatsu, inda mota ba ta bi.

Asalinsa daga Amurka ne, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, inda Dutsen Tamalpais ya ke, mai tsawon ƙafa 2,571. Waɗansu samari ne suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn masu kaurin taya, suna gangarowa da su. A shekarar 1976 suka fara tsere a wata hanyar masu kashe gobarar daji kusa da garin Fairfax. Tsawonta mil 2 ne, amma gangarenta ya kai ƙafa 1,300. Birkin kekunan nan a cibiyar ƙafar baya ya ke, sai an taka feda baya ya kama. Saboda tsananin gangaren, kafin mutum ya sauka giris ɗin ciki ya ƙone, dole a kwance a sake cusa wani. Dalilin ke nan suka sa wa tseren suna Repack, watau sake cusawa. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keke musamman domin wannan aiki, a 1996 kuma aka shigar da wasan cikin gasar Olamfik a Atlanta.

To, babban hatsarinsa yana wajen mai bin hanyar da bai sani ba. Ba ya ganin abin da ke bayan kwana, ko rami ne ko itace ya faɗi. In ya firgita ya damƙe birkin gaba da ƙarfi, keken zai cije, shi kuwa ya wuntsila ta gaba. Don haka gwanaye kan ja jikinsu bayan sirdi a gangare, su riƙa matsa birki biyu a hankali. Saiwar itace in ta jiƙe ta fi laka santsi. Kuma duhu kan riga shiga kwari mai itatuwa tun rana tana bisa tudu, wayar hannu ma sau da yawa ba ta kamawa a tsakanin duwatsu. Lalle ne mahayi ya sa hular kwano, ya riƙe ruwa da famfo da kayan faci da taswira, kada kuma ya tafi shi kaɗai. A ganina abin da ya fi duka shi ne ya gaya wa wani hanyar da zai bi da lokacin komowarsa, gama wanda ya karye a kurmi ba wanda ya san inda ya nufa, ta ina za a fara nemansa?

Saura maganar da ta fi kusa da aikinku. Da mahaya suka yawaita, sai rigima ta tashi tsakaninsu da masu tafiya a ƙasa da masu dawaki, har aka rufe musu hanyoyi da dama. A 1988 suka kafa ƙungiyar IMBA, ta tsara ƙa'idodi: mai keke shi zai ba mai ƙafa da mai doki hanya, mai gangarowa ya dakata wa mai hawa, kada kuma a bi turbar da aka hana. Wanda ya taɓa raba gardamar burtali ya san irin wannan shari'a.

Saboda haka in baƙi masu irin kekunan nan suka sauka a ƙasar ɗayanku, a rubuta sunayensu da inda suka dosa, a nuna musu iyakar gandun daji, a kuma haɗa su da ɗan gari wanda ya san turba.