Jawabin taron wata: motar da ke mutuwa a ralanti, a auna kafin a saya

Dattawa iyayenmu, Allah ya ƙara girma. Ƴan uwa ƴan ci-rani da kunka zo daga Yamai, Kwatano da Abijan, barkanku da sauka. Mu direbobi da makanikai na wagga ƙungiya anka ba izinin magana yau, kuma zancenmu a kan wani ɗan ƙarfe ne da bai fi dunƙulen hannu ba, amma yana cin kuɗin ƙungiya, kuma yana iya tsayar da mota a daji da marar lafiya a ciki.

Kun san yawancin motocinmu gwanjo ne da anka sauke a Kwatano ko Lome: Corolla, Carina E ta 1992 zuwa 1997, Peugeot 405 da 406, da Mercedes 190. Tsohuwar 504 mai karburater, da sukurdireba ake daidaita ralantinta. Waɗanga kuwa, in direba ya ɗaga ƙafa daga totur, babbar ƙofar iska ta rufe, sai iska ta bi wata ƴar hanya ta gefe. Mai tsaron hanyar shi ne bawul ɗin ralanti, kuma ƙwaƙwalwar mota, wato kalkilater, ita ke buɗe shi ko ta rage shi da wutar lantarki, don inji mai zafi ya zauna wajen juyi 700 zuwa 900 a minti. In ya lalace, mota ta riƙa mutuwa wurin taka birki, ko in an kunna fitilu ko kilim, ko inji ya riƙa hawa yana sauka shi kaɗai.

To, waɗanga alamomi ba su isa hukunci ba. Tiyon iska da ya tsage, da datti, da wayar da ta tsinke, duka suna kawo irinsu. Shi ya sa muke roƙo kada a sayi sabo sai an auna. Abin awon shi ne mitar lantarki ta hannu, kuma ga yadda aikin ke tafiya.

Da farko a auna batir, mota a kashe. In ya nuna bolt 12,4 zuwa 12,6, lafiya lau. In ya yi ƙasa sosai, a gyara wannan tukuna, don raunin batir yana rikita duk awon da zai biyo baya.

Na biyu, a kashe makulli, a cire soket ɗin bawul, a duba haƙoransa. In sun yi kore ko sun sassauta, a goge a matse. Sau da yawa ciwon nan yake.

Na uku, a mai da mita wajen om, a auna naɗin wayar da ke cikin bawul. A ƙidaya haƙoran, don iri uku ne. Mai biyu, kamar na Bosch da ke cikin wasu Mercedes 190, naɗi guda ne, wajen om 8 zuwa 10. Mai uku naɗi biyu ne, haƙorin tsakiya ke karɓar wuta: daga shi zuwa kowane gefe wajen om 20, daga gefe zuwa gefe wajen 40. Haka na Toyota ɗin farkon shekarun 1990 suke. Mai huɗu ƙaramin mota ne mai tafiya taki-taki, irin na Peugeot masu na'urar Magneti Marelli, naɗinsa biyu, kowane wajen om 50. Lissafin na bambanta kaɗan daga mota zuwa mota, amma ƙa'ida guda ce: in mita ba ta nuna komi ba, naɗi ya tsinke, in ta faɗi kusa da sifiri, ya ƙone ya haɗe, in naɗi biyu sun yi nisa da juna, guda ya lalace. A kuma auna tsakanin kowane haƙori da jikin ƙarfen bawul, bai kamata a sami haɗi ba. In motar sai ta yi zafi take mutuwa, a sake awon da zafin, don akwai naɗin da ke tsinkewa sai ya ɗumama.

Na huɗu, a mai da mita wajen bolt, a murza makulli ba tare da tada inji ba. Ga mai biyu da mai uku, waya guda ta soket ɗin za ta nuna wajen bolt 12. In babu, laifin ba na bawul ba ne, a nemi fizibil, ko rele, ko wayar da ɓera ya ci.

Na biyar, mai biyu ko mai uku ana iya cire shi a taɓa mashi wutar batir na ƙiftawar ido, a ga ko ƙofar ta motsa. Ga Toyota, a sa jar waya a tsakiya, baƙar a gefe guda ya buɗe, a ɗaya gefen ya rufe. Amma mai huɗu, kada a kuskura a ba shi wutar batir kai tsaye, kada kuma a tura bakinsa da ƙarfi. In awo ya yi daidai amma ƙofar ta maƙale, ƙurar hunturu da tururin mai ne, wanki da maganin wanke karburater ya isa. In an mai da shi, a bar makulli a buɗe kamar daƙiƙa 10 kafin a tada, don ƙwaƙwalwa ta gane mazauninsa.

Gargaɗi ga aparanti: kada a gwada wayoyin kalkilater da kwan fitila, kada a cire soket makulli na buɗe. Kuma bawul ɗin da naɗinsa ya haɗe yana iya ƙone kalkilater, wadda kuɗinta ya ninka nashi sau da yawa. Rigakafi ya fi magani.

Abin da muke nema ga taro biyu ne. A yarda a fid da kuɗi daga asusu a sayi mita guda, ta zauna wurin ma'aji. Kuma kada ma'aji ya biya kuɗin wani kayan lantarki na motar ƙungiya sai makaniki ya rubuta lambar da ya auna. Kuɗin nan guminku ne, ƴan uwa, kuma motar nan ita ke kai mai naƙuda likita cikin dare.

Dattawa, shawara taku ce. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka ga nema. Wassalamu alaikum.