Ƴaƴanmu na Zuwa Lakwal, Shin Suna Karatu? Jawabi ga Jama'ar Damargu

Alhazai, ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, iyaye maza da mata na Tanut da Balbeji, ina gaishe ku da girmamawa.

Tambaya guda ce ta tara mu: yaron da ya shekara shida a lakwal, ya kai munzalin shiga kwaleji, mi ya iya? Ƙasashen Turai da Amurka suna auna ƴan shekara 15 da jarrabawar PISA tun 2000. Mu a nan ma'auninmu shi ne PASEC, binciken da ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci suke gudanarwa a ajin ƙarshe na firamare. A 2014, cikin ƙasashe 10, Nijar ce ta zo kurar baya: ko yaro 10 cikin 100 ba su kai matakin da ake bukata ba, a karatu da lissafi duka. A 2019 an samu ci gaba, wajen 30 cikin 100 a karatu, sama da 20 a lissafi. Mu gode wa Allah, amma mu lura: a wannan shekara ma, yara 7 cikin 10 ba su fahimtar abin da suka karanta yadda ya kamata.

Ta yaya muka iso nan? Bayan tsuke bakin aljihu na shekarun 1980, da yaje-yajen aiki, da karya darajar sefa a 1994, gwamnati ta koma ɗaukar malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi. Shirin shekara goma na PDDE, daga 2003, ya cika ajujuwa da yara, abin yabo ne. Sai dai horon malamai bai bi sawu ba. Da aka jarraba ƴan kwantaragin a 2017, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki.

Kuma wannan nauyi ba kai ɗaya yake hawa ba. Binciken ya nuna ɗan birni ya fi ɗan ƙauye, ɗan mai hali ya fi ɗan talaka. Mu ƴan Damargu ba sai an fassara mana ba. Ɗan ma'aikaci a Tanut yana jin Faransanci a gida, yana da fitila da littafi. Ɗan manomi a Gangara ko Olelewa yana gona lokacin da aka buɗe lakwal a Oktoba, ajinsa na zana kuma sai an gama girbi an samu kara. Ɗan makiyayi a Tarka ko Tanhiya yana bin dabbobi inda ruwa yake. Yarinya kuwa, binciken lafiya na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 an aurar da su kafin shekara 18.

Kada kowa ya ce ƙwaƙwalwa ce babu. Yaron da ke tsare rumfar mahaifinsa ya san dala ashirin faran 100 ne, yana juya tiya zuwa buhu ba tare da alli ba. Lissafin nan, in aka rubuta shi da Faransanci, sai ya kakare. Harshe ne ya tare hanya. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da koyarwa cikin harsunanmu, amma an daɗe ana jan ƙafa wajen faɗaɗa ta.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Alhazai, yaron ƙauye da ya samu shiga kwaleji yakan bari don rashin masauki da abinci. Kowannenku ya riƙi ɗaya, gobe shi zai riƙe maku littafin bashi. Ma'aikata, wanda aka tura daji ya je, wanda ke ofis ya daina kare mai ƙin zuwa. Iyaye, ku shiga kwamitin makaranta, kowane wata ku miƙa wa yaro takarda ya karanta a gabanku, ko da ku ba ku iya ba. Wanda ke in'ina ba ya ɓuya.

Damargu ta ciyar da ƙasa da hatsi shekara da shekaru. Manomi ba ya ƙirga irin da ya shuka, damman da suka shiga rumbu yake ƙirgawa. Mu tambayi hukumomi yara nawa suka iya karatu, ba nawa aka rubuta ba.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka.